Ɗinka haruffan ƙyalle: aikin yana wajen lanƙwasa da rami

Haruffan roba da ake sayarwa yara a kasuwar Wunti ko Muda Lawal a Bauchi na Turanci ne, ba za ki samu Ɓ da Ɗ da Ƙ a ciki ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin ɗinka na gida, kuma guntayen atamfa da teloli ke sharewa sun wadatar.

Ki fara da wanke ƙyallen ki goge shi. Atamfar da ba a wanke ba tana tsukewa a wankin farko, harafi ya murguɗe, mai zuba kuma ta ɓata farin da ke kusa da ita. Shadda tana santsi a ƙarƙashin allura, leshi yana zarewa, ki bar su. Atamfa mai ƙananan zane ta fi, don babban fure yana haɗiye siffar harafin.

Ki zana kowane harafi a kwali, tsawo inci 4, jikinsa ya zama mai kauri. Lanƙwasar Ƙ da Ɗ da Ɓ ita ce ke ba da wahala. In kika yi ta siririya kamar yadda take a littafi, auduga ba za ta shiga ba, kuma nan yaro zai riƙa ja har ta tsinke. Ki yi ta da kauri ɗaya da sauran jikin, ko da a kwali ta yi miki kamar ƙugiyar mahauci.

In kan bargo ko zanin gado za ki ɗora, sai ki manna gamste, wato ƙyalle mai gam da teloli ke amfani da shi, a bayan ƙyallen da dutsen guga, ki kifa kwalin kafin ki zana. Mantuwar kifawa ce ke mayar da b ta koma d. Haruffa irin A, H, M, O, T ba ruwansu, ko an kifa su ɗaya ne, shi ya sa ba a gane kuskuren sai an zo kan S ko R. Ki yanke, ki kafe da fil, ki bi gefen da zigizag mai matsi. A kusurwa ki tsaya allura na cikin ƙyalle, ki ɗaga ƙafar keken da ke danne ƙyallen, sannan ki juya.

Na wasa kuwa ƙyalle biyu ake haɗawa. Ɗinki ta ciki a juyo yana yiwuwa ga L ko T, a bar kwatan inci a gefe, a tsattsaga lungunan da almakashi kada su tattare. Masu rami, wato A, B, D, O, R, ba sa juyuwa. Su sai ki sa siririn soso a tsakiya, fuskar ƙyalle na waje, ki ɗinke layin ciki da na waje, daga baya ki huda ramin da ƙaramin almakashi.

Audugar gona tana dunƙulewa in ta sha ruwa, ga jinkirin bushewa da damina. Ta roba ta cikin filo ta fi jure wanki. Ki tura ta kaɗan-kaɗan da bayan fensir, ki fara da lanƙwasar.

Maɓalli da duwatsun ado kada su hau harafin yaron da bai kai shekara 3 ba, komai baki yake kaiwa. Mai son yin na ajami ma haka, ɗigon ba da ta a yi shi da zare a kan ƙyallen da harafin ke zaune.