Gidajen da na share daga lissafi

Jumma'ar nan na miƙa makullin ofis da kwamfutar aiki, bayan shekara shida ina bin gidajen masu ƙaramin ƙarfi da takardar tambayoyi da tef ɗin awon damtse. An ce in bar wa masu shigowa ɗan rubutu. To ga shi, sai dai su yi haƙuri, kusan duk a kan magana ɗaya ne.

A shekarata ta biyu aka ba mu aikin auna wani shirin tallafin abinci da aka haɗa da katin inshorar lafiya kyauta. Muka auna yara a farko, muka koma bayan shekara guda. Kun san tef ɗin: tsakiyar damtse, yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 125 rawaya, sama da haka kore. A zagaye na biyu kore ya cika takardu, har muna yi wa juna barka. Amma akwai gidajen da ba a samu ba. Wasu an ce sun tashi, wasu ƙofa a garƙame, wasu kuwa mai awo ya rubuta "yaro ba ya nan" ya wuce. Ni ke tace bayanai a lokacin. Layukansu babu awo na biyu, lokaci ya ƙure, sai na cire su. Ko minti goma ban yi ba.

Na dai sanar da oga, da baki. Ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Malam, jibi masu ba da kuɗi ke son rahoto, ba tarihin kowane gida suka tambaya ba." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Rahoto ya fita, aka yi ta yabo. Bayan wasu watanni wani aikin ya mai da ni yankin, na bi ta ɗaya daga cikin gidajen nan don kawai lambarsa ta tsaya mini a rai. Ashe "yaro ba ya nan" rasuwa ce. Uwar ta shiga ɗaki ta fito da katin inshorar a cikin leda, sabo fil, ko lanƙwasa babu. Ta ce sau ɗaya ta kai yaron asibiti, aka ce sunan da ke katin bai yi daidai da na rajista ba, ta je a gyara. Ofishin gyaran da nisa, jikin yaron kuma bai jira ba. Ta miƙo mini katin ta ce, "Malam, ko za ku mayar musu? Wataƙila wani zai amfana."

Daren nan na buɗe tsohon fayil. Gidajen da na cire, akasarinsu yaran da tef ya nuna ja ne tun a awon farko. Wato mun fitar da mafi rauni daga lissafi, sannan muka yi shelar cewa sauran sun murmure.

Da na kai maganar taro, oga ya gyara zama ya ce kuskuren mai tace bayanai ne, shi ba a taɓa sanar da shi ba. Hannuna ne ya share, ban musa ba kuma ba zan musa ba. Amma tun daga ranar, ko gaisuwa ce ta shafi alƙaluma, a rubuce nake aika ta in ajiye kwafi. Ku ma ku yi haka, ko da wanda ke sama da ku mai fara'a ne.

Sauran darussan gajeru ne. Ƙirga kati daban, ƙirga wanda ya ga likita daban. Kada kuma ku ji kunyar sakamako mai gauraye: a jihar Oregon ta Amurka, inda aka raba gurbin Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ta hanyar ƙuri'a a 2008, an ga bashin asibiti da ciwon damuwa sun ragu, amma a shekara biyun farko ba a ga wani sauyi na a zo a gani a hawan jini da sukari ba, kuma haka masu binciken suka wallafa. Tambayoyi takwas ɗin nan na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kan ƙarancin abinci, musamman ta wuni guda ba a ci komai ba, kada ku yi wa magidanci su a gaban maƙwabta. In mutane suka zaci rajistar tallafi kuka zo yi, amsarsu kan abin da suka ci cikin kwana bakwai da suka wuce za ta bi abin da suke fata. Awon farko da na biyu su faɗo a lokaci ɗaya na shekara.

Na sake lissafin da gidajen duka a ciki. Shirin ya yi amfani, amma bai kai rabin abin da muka faɗa ba. Ba a buga wannan ba. Yana cikin kwamfutar da na miƙa, a jakar da na sa wa suna "waɗanda ba a samu ba", kuma na nuna wa wadda za ta gaje ni inda take. Tsohon rahoton kuwa yana nan a kan kantar ɗakin taro, da sunan oga a layin farko.