Murfin allurar da na so in mayar

Wata bakwai na yi ina aikin sa-kai a ɗakin kwantar da mata na asibiti kafin in nemi shiga makarantar koyon aikin jinya. Gyaran gado, zubar da fo, auna zafin jiki, juya masu kwanciya duk bayan awa biyu don kada bayansu ya yi gyambo. Wannan duk ya tafi daidai, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

A watana na uku, wani dare, aka yi wa wata tsohuwa allura aka bar sirinjin a kan tire babu murfi. Ba aikina ba ne, an ma hana 'yan sa-kai taɓa allura. Amma rawar kai ta ɗebe ni, ina so Sista ta ga ƙwazona. Na ɗauki murfin da hannu ɗaya, sirinjin da ɗaya, zan rufe. Tsinin ya goce, ya huda safar hannuna, ya shige babban yatsana. Akwatin zubar da allurai kuwa ga shi nan, taku biyu daga inda nake tsaye. Taku biyu!

Sukar ma da sauƙi. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ɓoyewar da na yi. Na matse yatsan, alhali ruwa da sabulu kawai ake so, na yi gum, don tsoron kada a sallame ni in rasa takardar shaidar aikin sa-kai. Dare biyu ban runtsa ba, sannan na je na sami Sista.

“Ƙanwata, tun yaushe?”

“Shekaranjiya da dare, Sista.”

Ba ta yi faɗa ba, ta dai dubi agogo ta ja hannuna. Ashe maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara tun a sa'o'in farko. Ni na riga na ƙona kusan 36. Tsohuwar ma an sallame ta. Da na yi magana a daren, da an nemi izininta an gwada jininta, wataƙila da ban sha komai ba. Haka na yi kwana 28 ina haɗiyar ƙwaya da tashin zuciya, sannan na yi watanni ina kai jini gwaji, gabana na faɗuwa.

Ni HIV nake tsoro, likita kuwa ciwon hanta nau'in B ya fi tambaya. Idan allurar mai HIV ta soke ka, kusan mutum 3 cikin 1000 ne ke kamuwa. Idan ta mai ciwon hanta B ce, masu kamuwa kan kai 30 cikin 100. Kuma ban taɓa yin rigakafinsa ba! Allura uku ce kacal: yau, bayan wata ɗaya, sai ta ƙarshe a wata na shida. Wata uku ina ɗaukar ƙazanta da zannuwa masu jini, babu wanda ya nemi ganin katina, ni ma ban san in tambaya ba. Kada ku taka ɗakin marasa lafiya ba ku fara wannan rigakafin ba, kuma ku tambaya tun ranar farko wa ake gaya wa in an soke.

Alhamdulillahi, gwaje-gwajen duka sun fito lafiya, Sista kuma ta rubuta mini takardar. A makon jiya a ɗakin gwaji na makarantar jinya wata 'yar ajinmu ta miƙa hannu za ta mayar wa allura murfi. Tsawar da na daka mata sai da malamarmu ta juyo.