Godiya ga waɗanda suka rufa mini asiri ranar Asabar da Lahadi

Assalamu alaikum.

Kwana uku ke nan da kammala aikin ƙungiyarmu, sai yau jikina ya sake ni har na iya zama in yi rubutu. Wayata ta cika da saƙonnin sannu da ƙoƙari, kuma yawanci ni ake yi wa, don ni ne sakataren kwamitin shirye-shirye, sunana ne a ƙasan takardar gayyata. Kafin yabon ya yi jijiya a inda bai dace ba, gara in faɗi yadda aka yi, sannan in miƙa godiya ga masu ita.

Ga wanda bai samu zuwa ba: ranar Asabar mun yi wa matasan da suka shigo ƙungiya bana horon taimakon gaggawa, ranar Lahadi kuma aka yi ba da jini kyauta da gwajin ido. Wata biyu muna shiri. Daren Juma'a, wajen ƙarfe tara, na kira mai kula da zauren da aka yi mana alkawari don in ji yaushe zai buɗe mana. Ya yi shiru, can ya ce, "Wane zaure?" Ashe an ba wasu tun makon jiya, sun biya, suna riƙe da rasit. Ni kuwa ba ni da komai a hannu sai "ba damuwa, an gama" da aka faɗa mini da baki. Sau biyu ma'ajinmu yana cewa in karɓi takarda, ina ce masa ai magana ta ƙare. Wannan laifin nawa ne, ba na raba shi da kowa.

Na zauna a bakin gado da waya a hannu, gumi yana karyo mini. Ma'aikatan bankin jini sun riga sun ware mota da gadaje, likitan ido ta soke hutunta, an gama sanar da jama'a. Da ƙyar na iya kiran shugabarmu. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ka tuna bawan Allahn nan da muka zauna teburi ɗaya da shi a taron haɗin gwiwar ƙungiyoyi, mai cibiyar koyon sana'a? Katinsa yana wurinka."

Yana wurina kuwa. A ƙasan jaka na same shi, ya lanƙwashe, har biro ya zubar masa da tawada a gefe. 'Yan ƙungiya duk sun san ni ne kan gaba wajen kushe irin tarukan nan. Nakan ce taron rataya suna a wuya ne, a yi tafi, a ɗauki hoto, a yi musayar kati, kowa ya kama gabansa. Ranar ma don babu yadda zan yi na je, ina ta duban agogo. To mutumin da na gaisa da shi sama-sama rannan, shi na kira ƙarfe goma saura na dare. Ban gama zayyana masa halin da nake ciki ba ya katse ni, ya ce, "Ƙarfe nawa kuke so a buɗe?" Kafin ƙarfe shida na safe yana bakin ƙofa da makullai, ya taso ɗalibansa sun jera kekunan ɗinki a jikin bango, an share, an goge. Da muka yi maganar abin da za mu biya sai ya ɓata rai.

Yallaɓai, ka hana in ambaci sunanka, na kuwa bi umarni. Allah ya san ka. Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini, ya buɗa wa cibiyarka.

Baba, dattijon da aka kafa ƙungiyar nan da shi, bai bar ni na sha ruwa ba. Muna naɗe kujeru ya matso yana dariya, wai yaya labarin masu rataya suna a wuya? Ya daɗe yana ba mu tarihin manyan ƙungiyoyin hidima, muna ji da kunne ɗaya. Rotary, wadda duniya ta sani da yaƙi da cutar shan inna, da sanin juna ta fara. Ranar 23 ga Fabrairu 1905 wani lauya, Paul Harris, ya zauna da abokai uku a birnin Shikago na Amurka don su yi zumunci su kuma amfani juna a sana'a. Suna zagayawa da taron daga ofishin wannan zuwa na wancan, daga nan sunan ya samo asali. Hidimar jama'a daga baya ta biyo, kuma aikin da suka fara sa wa hannu a 1907 shi ne neman a gina ban-ɗakin jama'a a birnin. Lions ma a Shikago ta tashi a 1917, a hannun Melvin Jones, ɗan kasuwar inshora da ya fito daga wata ƙungiyar 'yan kasuwa. Masu musayar katin nan na Rotary su ne suka ɗauki shirin rigakafin shan inna a 1985, lokacin da cutar ke nakasa yara dubbai ɗaruruwa duk shekara, aka yi ta fama har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Agusta 2020 cewa asalin ƙwayar cutar ta bar nahiyar Afirka. Baba, wannan karon da kunne biyu na ji. Har yanzu dai ina nan kan bakana cewa jawaban suna yin tsawo.

Sai Malama, ma'aikaciyar jinyar da ta ba da ranar hutunta ta horar da yaranmu. Ta zo da mutum-mutumin roba, ta shimfiɗa shi a ƙasa, yaran suka yi ta ƙyalƙyala dariya, kowa yana tura ɗan uwansa. Ba ta kula su ba. Ta durƙusa ta nuna: idan mutum ya faɗi ba ya numfashi, a sa wani ya nemo taimako, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna sau 30, a hura masa iska sau 2, a koma. Dannawar ta nutsa santimita 5 zuwa 6, a minti ɗaya a yi 100 zuwa 120. Wanda duk ya lanƙwasa gwiwar hannu sai ta ce sake. Kafin azahar dariya ta ƙare, kowa yana murza wuyan hannu. Daga ƙarshe, kamar a wucewa, ta yi maganar suma: a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi, a ba shi iska, kuma kada a zuba wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki, don yana iya wucewa huhu. Ina tsaye a bakin ƙofa ina amsa waya lokacin da take faɗa.

Washegari wani ƙaton saurayi, karonsa na farko ke nan, ya ba da jini cikin fara'a, ya ƙi zaman hutun da aka ce ya yi, ya miƙe zai je ɗaukar hoto. Taku uku ya yi ya sulale. Wuri ya ɗauki salati, jama'a suka yi masa rumfa, ni kuma na sheƙo da gorar ruwa ina kiciniyar buɗe masa baki. Sai na ji an riƙe mini hannu. Ƙaramar cikinsu ce, yarinyar da ban ji muryarta ba duk ranar Asabar. Ta ce, "Yaya, kar ka ba shi." Ta janyo kujera ta ɗora ƙafafunsa, ta ɓalle masa maɓallin wuya, ta ce wa manya su ja da baya, suka kuwa ja. Kafin ma'aikatan jini su ƙaraso ya buɗe ido yana tambaya ko an samu hoton. Ƙanwata, na gode. Kin gyara wa yayanki a bainar jama'a kuma kin yi daidai. Malama, ga abin da Asabar ɗinki ta haifa.

Ga waɗanda suka miƙa hannu aka ɗibi jininsu, ban san da wane baki zan gode muku ba. Abin da aka ɗiba wajen mililita 450 ne, cikin kamar minti goma, kuma ba za ku taɓa sanin wanda zai shiga jikinsa ba. Akwai waɗanda aka mayar, wasu don nauyinsu bai kai kilo 50 ba, wasu don awo ya nuna jininsu ya yi ƙasa ko ya hau. Na ga wasu sun tafi ransu a ɓace. Don Allah ku yi haƙuri, lafiyarku aka duba, kuma ladan niyya yana nan. Ina kuma gaya muku tun yanzu za mu sake damun ku. Jini ba ya ajiyuwa: jajayen ƙwayoyinsa iyakarsu kwana 42 a firiji, ƙwayoyin da ke sa shi daskarewa kuwa 'yan kwanaki ne, wajen biyar. Babu masana'antar da ke yin sa. Muna fatan zagaye na gaba ya dace da 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya.

Likitar ido da mataimakanta sun yi aiki a lungu mafi zafi ba su yi ƙorafi ba. Ita ce ta tuna mana cewa tun 1925, da Helen Keller, wadda makauniya ce kuma kurma, ta yi wa taron Lions jawabi, aikin ido ya zama abin da aka san ƙungiyar da shi. Masu kawo tsofaffin tabarau, kun taimaka. Malamin ɗinkin cibiyar, wanda ya zo gadin kekunansa ne kawai kada mu ɓata su, shi ma an lallaɓa shi ya zauna. Da aka gwada masa tabarau sai ya zaro allura daga aljihu ya zura zare tashi ɗaya, ya ce shekara biyu ɗalibai ke yi masa wannan.

Masu tura saƙon canjin wuri har tsakar dare, direbobi, masu shara, iyalanmu da suka yi haƙuri da mu, Allah ya saka wa kowa da alheri. Akwai yaro ɗaya da ya wuni tsaye a rana a ƙofar tsohon zauren, riƙe da kwali da ya rubuta sabon adireshi, babu wanda ya sa shi. Duk da haka na san wasu sun je sun tarar da taron wasu sun koma gida. Ku yafe mini.

Ma'aji, ka yi gaskiya. Na kawo shawara a rubuce cewa daga yau ba a buga takardar gayyata sai takardar zaure tana hannunka, za a karanta a zama na gaba.

An tsinci lema baƙa ɗaya da makullin babur, suna wurina. Kujerun da muka aro kuma biyu ba su dawo ba, wanda ya san motar da suka shiga ya kira ni kafin Alhamis, don ranar na yi alkawarin mayarwa, kuma wannan karon na sa hannu a takarda.