Abin da aikin na'urar auna bugun zuciya ta kunne ke koya wa mutum

Duk wanda ya yi wannan aikin ya san gwajin da shugabannin sashe suka fi so: a zaunar da mutum a kujera, a sa masa na'urar a kunne, a ga lambarta ta yi daidai da ta ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya irin Polar H10, sai a sa hannu. A zaune ai kowace na'ura gwana ce.

Sai an fara gudu asiri ke tonuwa. Fitila tana haska fatar cikin kunne, ƙwayar karɓar haske tana auna abin da ya dawo, amma rabon bugun jini a cikin wannan hasken ɗan mitsitsi ne. Kowane taku kuwa sai robar na'urar da ke shiga kunne ta ɗan gota, gotawar nan ta danne alamar jinin. Mai gudu yakan yi taku 160 zuwa 180 a minti, daidai inda zuciyarsa ke kaiwa. Matatar alama da aka saba sawa a manhaja, mai barin bugu 30 zuwa 240 a minti ya wuce, ba ta raba su, tunda duka biyun suna ciki. Sai manhaja ta kama taku tana ƙirgawa da sunan zuciya. Allo ya nuna 170, kowa ya gamsu, don lambar ba ta yi kama da ƙarya ba.

Gano wannan ba wuya. A hau injin gudu, a bar saurin yadda yake, a ce wa mai gudun ya gajarta taku ya yawaita shi. In lambar ta yi tsalle nan take alhali ta ɗamara ba ta motsa ba, ƙafa ake aunawa. Maganin shi ne ma'aunin motsi a cikin kan na'urar, a riƙa cire girgizar da ya gani daga alamar hasken. Ranar fitar da kaya ce kan sa a tsallake wannan gwajin, kuma in ƙorafi ya fara shigowa, ƙaramin ma'aikacin da ya rubuta manhaja ake kira, ba mai sa hannu ba.

Tauna da magana suna sauya siffar ramin kunne, don haka a gwada da cingam a baki. A kashe fitilar na'urar tsakanin awo da awo don a auna hasken rana shi kaɗai a cire shi. Baƙar fata ta fi shanye koren haske fiye da infirared (hasken da ido ba ya gani), kada masu gwaji su zama farare zalla. Roba in ta matse da yawa takan danne ƙananan jijiyoyi, in ta yi sako-sako haske ya kutsa.