Matakala Shida

Ƙanena kan keken guragu yake yawo tun shan-inna ta kama shi yana ɗan shekara uku. Ranar Talata na raka shi wani banki a unguwarmu. Matakala shida a ƙofa, ba gangara ko ɗaya. Ni da maigadi muka cicciɓe shi kamar buhun masara, shi kuwa ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, akwai doka. Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun 2024. Da na faɗa wa manajan, murmushi kawai ya yi: "Alhaji, a yi haƙuri."