Lambar da ta ƙi rabuwa

Laraba, bayan sallar isha'i.

Tun da na fito daga laccar safe a Samaru, lamba ɗaya ke yawo a kaina: 2,147,483,647. Malaminmu ya rubuta ta ne a allo don ya nuna mana iyakar abin da kwamfuta ke iya ƙirgawa a ma'ajin lamba mai gurbi 32, idan an ware gurbi ɗaya don alamar ƙari ko ragi. Ya ce agogon wasu tsofaffin na'urori da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970 zai cike a kanta ranar 19 ga Janairu, 2038. Daga nan ya wuce wani batun, ni kuwa a nan hankalina ya tsaya. Har bas ta sauke ni a Kwangila ina kallon ta a bayan littafina.

Asalinta ba wuya: ka jera 2 guda 31, ka ninka su da juna, ka cire ɗaya. Amma duk girmanta, biliyan biyu da ɗoriya, babu abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta.

Da na isa gida Tudun Wada na ba autanmu ita. Ya ce, "Yaya, ai wannan ba ta kai ta kawo ba." Ya ga ƙarshenta 7 ne, ya kore 2 da 5. Ya tara alƙalumanta ya sami 46, ya kore 3. Ya gwada 7, ya gwada 11, yana kan 13 wuta ta ɗauke. Na ce masa in zai bi ta haka, sai ya kai wajen 46,340 kafin ya huta. Shiru ya yi yana kallona.

Abin da ya fi taɓa ni ke nan. Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, ba kwamfuta, ba kalkuleta, kuma a lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Bai bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ba. Sai da ya fara gano siffar da dole mai raba ta ya kasance da ita, ya zubar da sauran, ya gwada 'yan kaɗan da suka rage. Hankali ya fara sawa kafin ƙarfi, shi ya sa nake girmama aikin.

Ita ce ta takwas a jerin lambobi marasa rabuwa da ake samu ta ninka 2 da kanta a cire ɗaya, jerin da ake kira da sunan Mersenne, wani limamin coci na Faransa: 3, 7, 31, 127, haka dai. Kowacce a cikinsu tana haifar da kamilar lamba, irin 6 da 28, wadda in ka tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai su dawo maka da ita cif. Tamu ta haifi mai alƙaluma 19.

Auta dai bai haƙura ba. Yana can a tsakar gida da fitilar wayar Inna, ya kai 17.