Kwana Biyu da Na Yi Ina Ɓoye Naƙuda

Ƙannena mata, musamman masu cikin fari, har yau ina ganin da na saurari malamar awo, da wataƙila ɗana na fari yana raye. Ta ce ƙuguna matsattse ne, don haka lalle in haihu a asibiti, domin mai yiwuwa sai an yi mini aiki. Ban faɗa wa maigidana ba, ban faɗa wa Inna ba, saboda a wurinmu macen da aka ciro wa ɗa ta ciki raguwa ake ce mata, ni kuwa na fi tsoron gorin dangin miji a kan komai.

Da naƙuda ta zo sai na danne, don kunyar haihuwar fari. Kwana biyu na yi a ɗaka, kuma ko da aka kai ni asibiti ɗan ya riga ya rasu, aikin da na guje wa shi aka yi mini. Bayan kwana biyar fitsari ya fara zuba ba tare da na sani ba. Na daɗe ina zargin wuƙar likita, kuma gaskiya ne wani lokaci aiki kan taɓa mafitsara, amma nawa ba haka ba ne. Kan jariri ne ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, ya zube ya bar huji.

Kuskurena na biyu ya fi ci mini rai. Na ɓoye lalurar, wato yoyon fitsari, wata bakwai, ina fama da tsumma da turaren wuta, har na rage shan ruwa, abin da ya sa fitsarin ya ƙara wari yana ƙona mini fata. Daga baya aka shaida mini cewa ƙaramin huji sabo yakan haɗe da kansa idan an bar robar fitsari mako huɗu zuwa shida.

A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina aka ɗinke ni kyauta, cibiyar da likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana wannan aiki tun daga shekarun 1980.

Ƙanwata, idan naƙuda ta kai awa 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba ki sauka ba, ki buɗe baki a kai ki asibiti, kuma tun a watannin awo ki sa maigida ya san cewa za a iya neman ya sa hannu a takardar aiki. Bayan ɗinkin an hana ni kwanciyar aure na watanni, aka kuma ce duk haihuwar da zan yi nan gaba ta aiki ce. Wannan karon na bi, kuma a ranar da likita ya tsayar aka ciro mini 'yata da ranta.